Baƙa Ta Yi Shiru a Gidan Riskuwa

Da zukata masu nauyi, cike da baƙin ciki da miƙa wuya ga hukuncin Allah, iyalan Malam Riskuwa Mai-Waya na Argungu ke sanar da 'yan uwa, maƙwabta da tsofaffin abokan aiki rasuwar wayar tarhonsu ta gida, wadda kowa ya fi sani da Baƙa. Ta cika ranar Litinin da ta gabata, daidai lokacin da rana ta take tsaka, tana da shekara arba'in da ɗaya a duniya. Ta yi jinyar wata da watanni, ta warke sarai, kuma kwana ɗaya bayan warkewar ne ta tafi. Wanda ya ji wannan magana ba ta zauna masa ba, ya yi haƙuri ya karanta zuwa ƙasa.

Marigayiya ta shigo gidan nan tun Malam Riskuwa yana da baƙin gashi, yana hawa turakun waya tsakanin Birnin Kebbi da Argungu da igiya ɗaure a ƙugu. Shekara talatin ya yi a wannan aiki. Abokan aikinsa har yau suna ba da labarin kunnensa: ya kan kara waya a kunne, ya rufe ido, ya ce wannan ƙarar ruwa ce ta shiga haɗi a wajen Zauro, ko kuwa reshe ne ke gogar layi kafin Ambursa, a je a duba a tarar haka ne. Baƙa ce tarho na farko a unguwar. Ta cikinta aka ji saukar alhazai, ta cikinta aka ji haihuwa, ta cikinta aka ji mutuwa, kuma ba ta taɓa ƙara gishiri a kan abin da aka ba ta ba. Uwargida Baiwa, matar Malam Riskuwa, ita ke goge ta kowace safiya, ta rufe ta da ɗan kyalle mai zubi da ta saƙa mata da hannunta.

Da zamani ya juya, wayar hannu ta cika gari, layukan gida suka mutu ɗaya bayan ɗaya, sa'o'in Baƙa duk sun ƙare a bayan ɗaki, kaji na ƙwai a gefensu. Ita kam ba ta ga wannan wulaƙanci ba. Malam Riskuwa ya yi ritaya, ya kama lambun albasa a bakin gulbi, sannan ya samo mata ƙanwa mai ruwan toka, aka sa mata suna Toka, ya ajiye ta a rumfar lambu. Ya ja layi da hannunsa. Daga teburin Baƙa a tsakar gida layin ya bi ta ɗakin Baiwa, can saman bango kusa da rufin kwano, ya fita ta wani ɗan rami zuwa ƙaramin akwati a bayan gida, inda igiyar cikin gida ke haɗuwa da ta waje. Daga nan ya hau turke ashirin da uku har bakin ruwa. Batir guda na babur ke ciyar da su su biyu.

Tun daga ranar Baƙa ba ta sake kiran kowa ba sai mutum ɗaya, kuma mutum ɗaya ke kira da ita. Baiwa ba ta yarda da wayar hannu ba, ta ce abin da ba shi da igiya ba a san inda yake kai magana ba. Kullum idan inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa, sai Toka ta yi kuka a lambu, kiririn, kiririn. Malam Riskuwa ya wanke hannu ya ɗaga. Baiwa ba ta fara magana nan take, sai ta ɗan yi shiru tukuna, yana jin numfashinta da motsin tsakar gida, sannan ta ce, "Malam, an sauke." Shi kuma ya ce, "To, ga ni nan tahe." Iyakar hirar ke nan, shekara goma sha huɗu. A duk tsawon wannan lokaci layin bai yanke ko da yini ɗaya ba, kuma Malam Riskuwa bai bar kowa ya manta ba. Ko gaisuwar suna ya je sai ya samu hanyar da zai ce, "Layin da nij ja ba shi ciwo."

Iyalai na shaida cewa marigayiya mai haƙuri ce da riƙon amana. Ba ta taɓa mutuwa ana tsakiyar gaisuwa ba. Ba ta taɓa ɓata a kasuwa ba, ɓarawo bai taɓa yi mata kallo na biyu ba, domin nauyinta ya kai na ɗan akuya. Ba ta nuna sunan mai kira, don ba ta da buƙata.

Bara, bayan an gama yankan shinkafa, Allah ya karɓi ran Baiwa. Wannan ita ce mutuwa ta gaskiya a cikin takardar nan, Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Da aka share makoki, 'ya'ya suka koma gidajensu, Malam Riskuwa ya ja ƙofar ɗakinta ya sa kwaɗo, ya jefa makullin a ƙasan jakar kayan aikinsa. Bai sake taka ɗakin ba, bai kuma bar kowa ya taka ba. Ya zauna shi kaɗai a gidan, ana aiko masa da abinci daga gidan maƙwabcinsa Maiwada, wani tsohon masunci da lambunsa ke jikin nasa.

Ciwon ajalin Baƙa ya fara ne wata rana da zafi ya tsananta. Malam Riskuwa na duƙe cikin kwamin albasa, rana ta take tsaka, sai Toka ta yi ƙara sau ɗaya tak, kilin, ta yi shiru. Ya miƙe. Gidansa a kulle yake, makullin na aljihunsa. Ya daɗe tsaye, ruwa na bin ƙafarsa, sannan ya je ya ɗaga. Babu murya. Abin da ya ji shi ne shuuu, ƙas, ƙas, shuuu, a hankali, kamar mace na bakacen shinkafa a can ƙarshen tsakar gida. Tsakanin ƙarar akwai ɗan shiru, irin na mai shirin yin magana. Ya tsaya riƙe da ita har ladan ya kira azahar, sannan ƙarar ta lafa da kanta.

Washegari haka, jibi haka. Ranar da aka yi hadari ba ta zuwa. Ranar da rana ta buɗe kuwa ba ta saɓa lokaci.

Maiwada da ya kara kunne sau ɗaya bai sake ba. Ya ja da baya yana karanta abin da ya sawwaƙa, ya ce, "Injiniya, wanga ba aikin filaya ba na. Layinka ya bi ta gindin tsamiyar bakin gulbi, kuma kowa ya san masu wurin. Bari in kira maka wanda ya san bakinsu."

"Aljanu gaskiya na, Maiwada," in ji Malam Riskuwa, "amma wagga tsatsa ta. Ka ba ni kwana biyu."

A nan ne iyalai ke ganin ya wajaba a faɗi gaskiya, tunda ba a yi wa mamaci ƙarya. Kwana biyun sun ishe shi. Duk wanda ya taɓa koyon aikin waya ya san gwajin farko: ka je akwatin bayan gida, ka raba igiyar ciki da ta waje, ka saurari kowacce ita kaɗai. Malam Riskuwa ya yi haka tun rana ta biyu. Ta waje, mai turke ashirin da uku, tsaf take, ko tari babu. Ya sauya wa Baƙa igiyar wuyanta, ya gwada ta a kan sabon guntun layi, ita ma lafiyarta lau. Saura wuri ɗaya ke nan a duniya da ciwon zai iya zama, taku bakwai na igiya da suka bi ta ɗakin da ya kulle. Ya mayar da murfin akwatin, ya ɗaure shi tamau, bai gaya wa kowa ba.

Daga nan ya shiga neman ciwo a inda ya san babu shi. Ya kankare bakin batir har ya yi ƙyalli. Ya hau turakun nan ɗaya bayan ɗaya, yana da shekara sittin da takwas, ya kwance haɗin da ba abin da ya same shi ya sake ɗaurawa. Ya sare rassan darbejiyar mutane. Ya zargi jemagu, ya zargi injin ban-ruwan Maiwada har suka yi kwana uku ba sa gaisawa, ya zargi wata tunkiya da ke soshe jikinta da turke na tara. Iyalai na amfani da wannan dama su nemi gafarar duk waɗanda aka zarga, har da tunkiyar. Kowane aiki kuwa sai ya ajiye shi kafin rana ta take, ya koma rumfa, ya wanke hannu, ya zauna kusa da Toka. Yana tsoron ƙarar nan, yana kuma tsoron ranar da ba za ta zo ba, kuma na biyun ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Wata rana Maiwada na wucewa ta bayan rumfa da homarsa ta kamun kifi a kafaɗa, ya ji shi ya ce a hankali, "To, ga ni nan tahe." Ya kuma gan shi ya rufe lambu ya kama hanyar gida, gidan da ba a hura wuta ba tun bara. Ba a yi mako ba Malam Riskuwa ya faɗo daga turke na sha huɗu ya gurɗe ƙafa. Maiwada bai yi shawara da kowa ba, ya kira Nazifa.

Nazifa ita ce autar gidan, malamar makaranta ce a Birnin Kebbi, kuma ta gaji uwarta wajen taƙaita magana. Ta zo ta durƙusa ta gaishe shi, ta duba ƙafar, ta duba tukwanen da ƙura ta rufe. Sannan ta ce, "Baba, ba ni barinka nan kana amsa kiran da ba a yi ba. Lahadi mai zuwa ina tahowa da mota. In ka gano abin da ad damun wagga waya, ka gyara, na yarda ciwon waya na, ka zamna gidanka. In ba ka gano ba, mun tahi Birni tare, a tsinke layin, a kulle gida."

Ya kwana shida da wannan magana. In ya gyara, gida ya zama nasa, ƙarar ta tafi. In bai gyara ba, ya rasa gidan, ya rasa ƙarar. Ta kowace hanya ya bi, abin da yake so ya riƙe ba ya cikin rabonsa, kuma ya san haka sarai.

Ran Lahadi da hantsi Nazifa ta iso. Malam Riskuwa ya zazzage jakar kayan aiki a kan tabarma, ya tsinci makullin ɗakin Baiwa. Kwaɗon ya yi gardama kafin ya buɗe. Ɗakin yana nan yadda mai shi ta bar shi, takalmanta a bakin gado, carbinta rataye a ƙusa, ƙamshin turaren wutarta bai gama fita daga labule ba. Nazifa ta tsaya a bakin ƙofa tana share ido. Shi kuwa bai kalli komai ba sai bango. Ya taka kujera, ya ɗora yatsa a kan igiyar, ya bi ta a hankali har bayan jeren kwanukan da ke saman kantar ɗakin. Ya sauke kwanukan. A nan yatsansa ya ci karo da wani dunƙule na tsumma, girman albasa mai kyau, naɗe a jikin layin.

Kusa da shi akwai ƙusa. Tsohuwar ƙusa ce da tsatsa ta cinye, an buga ta ta ratsa tsakiyar igiyar maimakon ta bi gefenta, guntun da ya yanke na nan yana reto a jikinta. Babu wanda ya taɓa buga ƙusa a layin nan sai mutum ɗaya.

"Baba," in ji Nazifa, "ƙusar wa ce?"

"Tawa ta," in ji shi.

Ya fara warware tsumman. Na sama shuɗi ne, yagen zanen da Baiwa ta fi ɗaurawa a daminarta ta ƙarshe. Ƙarƙashinsa wani ne daban, ƙarƙashin wannan ma wani. Nazifa ta matso tana karɓa ɗaya ɗaya tana gane su: wannan ankon bikin ita Nazifa ne, wannan na sunan ɗan yayanta ne, wannan shi Baba da kansa ya sayo a kasuwar Birni. Yage goma sha ɗaya suka sauka a hannunta. A can ciki, cikin kakin zuma da ya bushe ya farfashe, bakin waya biyu ne aka haɗa da ƙulli. Ba ƙullin ma'aikatan waya ba ne. Ƙullin koma ne, irin wanda ake gyara ragar kamun kifi da shi a gidan mahaifin Baiwa, inda ta tashi.

Bai buƙaci bayani ba. Ƙusarsa ta ci igiyar a hankali har ta yanke, shekara uku bayan ya ja layin. Matar da ta yi shekara talatin tana kallon hannunsa ta gano wurin, ta taka turmi, ta ɗaure da abin da ta iya. Kowace shekara idan ƙullin ya fara saki sai ta ƙara matse shi, ta ƙara kaki, ta yagi zane ta naɗe. Tana zaune a bayan labule tana jin sa yana cika baki a zaure, ba ta taɓa ko yin gyaran murya ba. Da ta tafi, babu mai matsewa. Rana na dukan kwanon rufi, igiya ta ɗauki zafi ta miƙe, ƙulli ya motsa, Toka ta yi kilin a lambu. Malam Riskuwa ya yi gaskiya da ya ce tsatsa ce. Wanda ya ce Baiwa ce, shi ma bai yi ƙarya ba.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da ba zai yafe wa kansa ba. Hannunsa ya riga zuciyarsa. Kafin ya yi tunani filaya ta fito daga aljihu, ƙas, ƙas, ƙullin ya faɗo a tafinsa. Ya fere bakin waya, ya murɗa, ya narka dalma ya zuba, ya naɗe da salatif. Minti biyar bai cika ba. Ya ɗingisa zuwa lambu, Nazifa ta kira daga gida, muryarta ta fito tangaran kamar tana tsaye a gabansa. Ta yi hamdala, ta dafa masa abinci, ta koma Birnin Kebbi ita kaɗai kamar yadda ta yi alkawari. Ya ci gidansa.

Ran Litinin rana ta buɗe fes, ko ɗigon girgije babu. Malam Riskuwa ya wanke hannu tun da sauran lokaci, ya zauna a rumfa. Inuwa ta ja jiki ta shige. Zufa ta jiƙa masa riga. Toka ba ta motsa ba. Da ladan ya fara kiran salla sai ya miƙa hannu ya ɗaga da kansa, ya kara a kunne. Tun da ya fara aikin waya bai taɓa jin layi mai tsabta irin wannan ba. Babu shuuu, babu ƙas, babu kowa. Ya ajiye a hankali, ya kira Maiwada ta kan shinge ya ce masa, "Zo ka shaida. Baƙa ta cika." Maiwada ya ɗaga ya saurara, ya ce ai lafiyarta lau. Malam Riskuwa ya ce shi ma abin da ya faɗa ke nan.

An yi ƙoƙarin ceto ta, kada a ce ba a yi ba. Kwana uku ya yi a kan kujera a ɗakin Baiwa yana kwance haɗinsa yana sake ɗaurawa sako-sako, da gangan, ko ƙarar za ta dawo. Ya gwada babu dalma, ya gwada da tsumma, ya jiƙa da ruwa. Duk wanda ya yi, ko dai layin ya ɗauke gaba ɗaya, ko ya fito tsaf. Hannun da ya shekara talatin yana gyara ya ƙi koyon ɓatawa. Maiwada ma ya gwada nasa ƙullin, amma yatsunsa sun saba da igiyar jirgi, ya matse har wayar ta tsinke.

Marigayiya ta rasu ta bar ƙanwarta Toka a rumfar lambu, da turke ashirin da uku, da batir guda da har yanzu bai san abin da ya faru ba, da yagen zane goma sha ɗaya waɗanda Nazifa ta roƙa aka hana ta. Ta bar ƙusa ɗaya a bango. An so a tsallake ta a wannan jeri, Malam Riskuwa ya ce a rubuta ta, a kuma rubuta cewa shi ya buga ta. Ta bar shi kansa.

Game da jana'iza, an tuntuɓi limamin unguwa, ya ce babu salla a kan ƙarfe da roba, wanda ke da addu'a ya yi wa Baiwa. Iyalai sun karɓi wannan da hannu biyu. Ranar Alhamis mai zuwa bayan la'asar za a cire Baƙa daga layi, a goge ta, a naɗe ta, a sa ta cikin akwatin kayan Baiwa, a rufe. Ana karɓar gaisuwa a zauren gidan da safe da kuma bayan la'asar. Masu niyyar kawo wayar hannu a matsayin ta'aziyya su riƙe abinsu, an gode. Masu sayen tsohon ƙarfe kada su wahalar da ƙafarsu.

Saura roƙo guda, kuma mai gidan ne ya ce a sa shi a ƙarshe. Idan akwai wata tsohuwa daga gidajen masunta, a nan Argungu ko Augie, wadda ta iya ƙullin koma kuma hannunta bai cika ƙarfi ba, ana roƙonta don Allah ta zo kafin Alhamis, da hantsi. Za ta tarar da ɗakin a buɗe, an ajiye turmi a jikin bango, da kakin zuma, da yagen zane. Malam Riskuwa ya yi alkawari ba zai tsaya a kanta ba, ba zai duba aikinta ba, ba zai ma tambayi sunanta ba. Zai tafi lambu ya jira.